Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Iyayen Hausawa Mazauna Ingila: Jami'a Ko Digiri A Bakin Aiki?

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu maza da mata, yayyenmu, da malaman da ke riƙe da makarantun Islamiyya na ƙarshen mako a Landan, Manchesta, Birmingham, Leeds da sauran garuruwa, muna gaishe ku da girmamawa. Ya sanyi, ya ɗawainiyar iyali? Allah ya saka muku da alheri, ya raya zuri'a.

Mu da muka rubuto wannan wasiƙa 'ya'yanku ne da ƙannenku masu aikin akanta, haraji, inshora da banki. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami magana ce da ke tasowa a gidaje da yawa idan yaro ya shiga aji 13, shekarar ƙarshe ta A-level. Yaro ya ce yana son harkar kuɗi, ya ce kuma akwai kamfanin da zai ɗauke shi aiki yana shekara 18, ya biya shi albashi, ya kuma biya masa kuɗin karatu. Sai Baba ya murtuke fuska, Mama ta ce ba ta baro Kano ko Zariya don ɗanta ya zama yaron shago ba. Daga nan magana ta mutu, alhali ba a ko buɗe takardar an ga abin da ke ciki ba.

Mun fahimci inda tsoron ya fito, domin a Turanci ana kiran abin apprenticeship, wato koyon sana'a. A kunnen Bahaushe, koyon sana'a yana nufin yaron gareji ko na tela, wanda karatu ya gagara aka kai shi wajen maigida. Wannan da ake magana wani abu ne daban, shi ya sa za mu kira shi digiri a bakin aiki. Gwamnatin Birtaniya ta fito da shi a Ingila a 2015. Tun Afrilun 2017 kuma duk kamfanin da jimillar albashin da yake biya a shekara ta haura fam miliyan 3 yana zuba rabin kashi ɗaya cikin ɗari na wannan albashi a wani asusu na horar da ma'aikata. Daga wannan asusu ake biyan kuɗin makarantar yaron. Kamfani ba sadaka yake yi ba, kuɗin da aka riga aka karɓe masa yake ƙoƙarin morewa. Yaron ma'aikaci ne cikakke, da kwantiragi da albashi da hutun shekara, kuma a al'ada wajen kashi ɗaya cikin biyar na lokacin aikinsa karatu ne, ko dai kwana ɗaya a mako, ko a tara masa makonni a jere. Doka ta ce wannan lokacin karatu yana cikin sa'o'in da ake biyansa.

Tambaya ta farko da muke roƙon ku yi, kafin maganar albashi, ita ce: wace takarda zai riƙe ranar da ya gama, kuma wa zai sa mata hannu? A nan ake yawan ruɗewa, domin a harkar kuɗi abubuwa biyu ne suke tafiya da suna kusan ɗaya.

Na farko yana mataki na 6 a sikelin gwamnati na auna takardun karatu, kuma a yawancinsa akwai digirin jami'a na gaske, mai hula da riga ranar yaye ɗalibai. Bankin J.P. Morgan, alal misali, yana gudanar da irinsa tare da Jami'ar Exeter. Sashen masana tattalin arziki na gwamnati yana da nasa tare da Jami'ar Kent, shekara huɗu, yaro yana aiki a ma'aikatar gwamnati yana karatun tattalin arziki. Na biyu yana mataki na 7, shi ne wanda manyan kamfanonin akanta huɗu, wato PwC, Deloitte, EY da KPMG, da ɗimbin matsakaita suka fi ɗaukar yara a kansa. Ƙarshensa takardar ƙwarewa ce ta ƙungiyar akantoci, ACA ko ACCA ko CIMA, ko ta haraji. A sikelin gwamnati, mataki na 7 daidai yake da digiri na biyu. Amma sau da yawa babu wata jami'a a ciki, babu takarda mai tambarin jami'a. Yaro zai fito cikakken akanta yana shekara 22 ko 23, abin da abokinsa da ya tafi jami'a ba zai kai ba sai wajen 24 ko 25, amma idan aka ce masa kawo digirinka na farko, babu. A cikin Ingila wannan ba ya hana shi komai a aikin akanta; wanda ya riƙe ACA ba a cika tambayarsa inda ya yi jami'a ba. A wajen Ingila labarin yana iya canzawa, za mu zo kansa. Wasu tallace-tallacen ma mataki na 3 ko 4 ne, na AAT, takardar masu taimaka wa akanta, wanda tsani ne mai kyau amma ba digiri ba ne ko kusa. Ku duba lambar matakin da idonku.

Tambaya ta biyu ta yaron ce, kuma ita ce ke yanke hukunci a ganinmu. Harkar kuɗi gida ne mai ɗakuna da yawa, wanne yake son shiga? Idan binciken littattafan kamfanoni ne, ko haraji, ko akanta a cikin kamfani, ko inshora, ko sashen bin ƙa'ida da auna haɗari a banki, to gaskiya digiri a bakin aiki ya fi jami'a riba ga yawancin yara. Dalili mai sauƙi ne. Wanda ya gama jami'a ya shiga kamfanin akanta, shi ma sai ya zauna ya yi jarrabawar ACA ko ACCA ɗin nan ta shekara uku, a teburi ɗaya da wanda ya shigo daga sakandare. ACA tana neman kwana 450 na aiki da aka rubuta aka tabbatar, ACCA tana neman wata 36, kuma digiri ba ya ɗauke wa kowa wannan. Iyakar abin da digirin akanta ke yi shi ne ya yafe masa wasu jarrabawar farko.

Idan kuwa idonsa yana kan bankin zuba jari, wato masu shirya sayen kamfani da haɗewar kamfanoni, ko masu cinikin hannun jari da takardun bashi, to har yanzu babbar ƙofar tana jami'a. Hanyar can a shimfiɗe take kamar layin dogo: a shekarar farko ɗalibi ya nemi makon ziyara da bankuna ke shiryawa a hutun Ista, a shekarar kusa da ta ƙarshe ya yi horon bazara na wajen mako goma, daga cikin waɗanda suka yi horon ake ɗaukar mafi yawan sabbin ma'aikata. Kuma bankunan sun fi kamun kifinsu a tafkuna kaɗan, wato jami'o'i irin su Oxford, Cambridge, LSE, Imperial, UCL da Warwick. Akwai guraben bakin aiki a waɗannan bankuna, amma da yawansu a sassan da ke bayan fage suke, inda ake daidaita ciniki da lissafi da kwamfuta. Aiki ne mai kyau mai albashi, sai dai tsallakawa daga can zuwa teburin masu ƙulla cinikin ba ta da sauƙi, kada wani ya yi wa yaro romon baka a kai. Haka kuma wanda bai san abin da yake so ba tukuna, yau lauya gobe akanta, jami'a ta fi masa, domin ta bar masa ƙofofi a buɗe. Ɗaure ɗan shekara 18 da kwantiragin shekara biyar a sana'ar da bai taɓa ɗanɗana ba, shi ma zalunci ne.

Yanzu lissafi, tunda sana'armu ke nan. A shekarar karatu ta 2025/26, kuɗin jami'a ga ɗan gida a Ingila fam 9,535 ne. Shekara uku, fam 28,605. Rancen ci da sha ga wanda ya bar gida zuwa wani gari da ba Landan ba yana kai wa fam 10,544 a shekara, a Landan fam 13,762, mai zama gaban iyayensa fam 8,877. Cikakken adadin na gidan da abin da yake samu bai wuce fam 25,000 ba ne, yana raguwa yadda samun iyaye ke ƙaruwa. Wanda ya karɓi duka a wajen Landan zai fito da bashin da ya ɗan haura fam 60,000, kafin a sa kuɗin ruwa. Adadin yana tayar da hankali, amma ku san yadda ake biyansa. Ga waɗanda suka fara daga Agustan 2023, ana cire kashi 9 cikin ɗari na abin da ya haura fam 25,000 a albashi, kai tsaye kamar haraji. Mai albashin fam 35,000 zai biya fam 75 a wata. Mai fam 60,000 zai biya wajen fam 262. Wanda ba ya aiki ba ya biyan komai, ba kuma mai zuwa ya ƙwanƙwasa ƙofar Baba. Abin da ya rage bayan shekara 40 an yafe. Sai dai ku lura, mai aikin kuɗi albashinsa yana tashi da sauri, saboda haka yana cikin waɗanda za su biya bashin nan har ƙarshe, ba cikin waɗanda za a yafe wa ba.

A ɗaya ɓangaren, babu kuɗin makaranta ko sisi, babu kuma rancen ci da sha, domin doka ba ta ba mai digiri a bakin aiki wannan rance. Mafi ƙarancin albashin mai koyon aiki daga Afrilun 2025 zuwa Maris na 2026 fam 7.55 ne a awa, wanda a mako na awa 37 da rabi yake ba da wajen fam 14,700 a shekara. Manyan kamfanonin kuɗi suna biyan fiye da haka nesa ba kusa ba, amma ƙananan ofisoshi wasunsu a nan suke tsayawa. A ɗauki misali kawai, a ce an yi wa yaro tayin fam 24,000. Fam 12,570 na farko ba haraji. Ragowar 11,430 za a cire kashi 20 na haraji, fam 2,286, da kashi 8 na inshorar ƙasa, wajen fam 914. Abin da zai shigo hannunsa kimanin fam 1,730 ne a wata. Ga yaron da ke kwana a gidanku a Birmingham yana hawa jirgin ƙasa zuwa ofis, wannan arziki ne, zai iya tara kuɗin kafin alƙalami na sayen gida kafin sa'o'insa su gama jami'a. Ga wanda sai ya kama ɗaki a Landan, haya da tikiti za su lashe fiye da rabi. Akwai ma wani ƙaramin abu da ake mantawa: ɗalibin jami'a ba a lissafa shi a harajin ƙaramar hukuma, amma mai koyon aiki sai in albashinsa bai wuce fam 195 a mako ba. Uwar da ke zaune ita kaɗai da ɗanta tana samun ragin kashi 25, to wannan ragin zai iya tafiya idan ya cika 18 ya fara aiki.

Ba za mu tsallake maganar riba ba, don mun san ita ce ke hana wasu gidaje barci. Rancen ɗalibai yana da kuɗin ruwa. A sabon tsarin ana ɗaura shi da ma'aunin hauhawar farashi na RPI. Tun 2013 Firayim Minista David Cameron ya yi alkawarin fito da wani tsari marar ruwa domin Musulmi, a wani taron tattalin arzikin Musulunci a Landan, kuma har shekarar karatu ta 2025/26 ta kama ba a fara ba da shi ba. Malamai a Birtaniya sun saɓa a kan hukuncin karɓar rancen, mu kuma ba masu fatawa ba ne. Abin da za mu iya faɗa shi ne digiri a bakin aiki yana kauce wa wannan tambayar gaba ɗaya. Amma fa kada a gudu daga ruwan sama a faɗa kogi: wanda ke ƙyamar rance mai ruwa ya kamata ya tambayi malaminsa game da teburin da yaron zai zauna, domin ƙididdige harajin kamfanin magani daban ne, sayar da bashi mai ruwa a banki daban. A yi wannan tambayar tun kafin a cika fom, ba bayan an sa hannu ba.

Ga waɗanda suka zo cikin 'yan shekarun nan da bizar aiki, likitoci da ma'aikatan jinya da masu kula da tsofaffi, ku buɗe kunne a nan, domin takardar zama tana iya yanke muku hukuncin tun kafin ku zauna shawara. Yaron da ke ƙarƙashin bizar iyayensa, wanda bai samu zama na dindindin ba, galibi jami'a kuɗin baƙo za ta caje shi, wanda yake ninka na ɗan gida sau biyu ko uku ko fiye, kuma ba shi da rancen gwamnati. Ko da ya yi sakandarensa duka a nan. Ƙa'idar digiri a bakin aiki ta fi sauƙi ta wannan fuska: ana neman izinin aiki, da zama a ƙasar na shekara uku kafin ranar farawa, zaman da ba don karatu aka yi shi ba, sannan izinin zaman ya isa a kammala shirin. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ke kayar da mutane. Idan biza za ta ƙare bayan wata 18 kuma shirin na shekara huɗu ne, kamfani yana iya janye tayin. Ku ƙirga ranar da za ku cancanci zama na dindindin, ku ɗora ta a kan ranar fara karatu. Wani lokacin jinkirta shiga jami'a da shekara ɗaya yana tsirar da dubban fam. Ƙa'idojin nan ana taɓa su kusan kowace shekara, saboda haka ku sa ofishin ɗaukar ɗalibai ko na kamfanin ya ba ku amsa a rubuce. Wanda kuma yake Najeriya ko Nijar yana mafarkin zuwa ta wannan hanya, ya haƙura. Mai bizar ɗalibi ma ba ya cancanta.

To, mene ne ke lalacewa? Abu na farko jarrabawa. Taura biyu yaron zai tauna: aiki na cikakken lokaci da karatu mai nauyi. A sashen binciken littattafai, daga Janairu zuwa wajen Afrilu lokacin matsi ne, saboda kamfanoni da yawa suna rufe littafinsu ranar 31 ga Disamba. Ana iya kai dare a ofis, a dawo gida a buɗe littafi. A 'yan shekarun nan kuma azumi a cikin wannan lokacin yake faɗowa. Makin cin jarrabawar ACA a matakan farko 55 ne, na ACCA 50. Ƙungiyar da ke ba da ACA tana barin mutum ya gwada takarda sau huɗu, amma kamfanoni da yawa suna da tasu dokar wadda ta fi tsanani: faɗuwa sau biyu a takarda ɗaya, ko faɗuwa ɗaya mai muni, tana iya zama sallama daga aiki. Ɗalibin jami'a idan ya faɗi ya sake zama a watan Agusta, ba wanda ya sani. Mai digiri a bakin aiki idan ya faɗi yana iya rasa albashi da makaranta a rana ɗaya. Wannan dokar tana rubuce a kwantiragi ko littafin ma'aikata, ku nema ku karanta kafin a sa hannu. A gida kuma ku taimaka masa. Yaron da ke da jarrabawa ranar Talata ba shi ne direban kai baƙi filin jirgi ranar Lahadi ba, ba kuma don ya fara karɓar albashi za a ɗora masa kuɗin makarantar 'yan'uwa na gida ba. 'Ya mace ma haka. Kada ta dawo daga ofis a ce ai tana gida, tukunya tata ce.

Na biyu sabo ne, kuma da yawa ba su ji shi ba. Daga Janairun 2026 gwamnati ta daina biyan kuɗin mataki na 7 sai ga wanda ya fara yana tsakanin shekara 16 zuwa 21, ban da wasu 'yan kaɗan masu larura ta musamman. Ga ɗan shekara 18 da zai shiga kai tsaye, ba matsala. Tarkon yana kan wanda zai hau tsani-tsani. A ce yaro ya yi shekara guda yana hutawa, ya fara mataki na 3 yana 19, ya wuce na 4, kafin ya iso ƙofar na 7 ya cika 22. A lokacin sai dai kamfani ya biya daga aljihunsa, ko ya ce ba zai biya ba. Ku ɗauki alƙalami ku ƙirga shekarunsa a bakin kowane mataki, sannan ku tambayi kamfanin a fili: idan ya wuce 21, wa zai biya?

Na uku, maigida marar kirki. Akwai ƙananan ofisoshi da ke ɗaukar yara don arha, su cika su da shigar da rasit a kwamfuta, ranar karatu kuma kullum a ce yau akwai aiki. Alamarsu ba ta ɓuya. Ku sa yaron ya tambaya a intabiyu: mutum nawa kuka ɗauka a wannan shiri shekara huɗu da suka wuce, nawa suka gama, nawa suke nan har yanzu? Wace makaranta ce ke koyarwa? Ranar karatu tsayayya ce? Wa ke biyan kuɗin sake jarrabawa? Albashi yana ƙaruwa da cin jarrabawa ko sai an gama? Wanda ya fara kame-kame a kan waɗannan, a bar shi. Ku sani kuma, idan yaro ya bar aiki kafin ya gama, ƙa'ida ta hana kamfani ya nemi ya maido kuɗin horon da aka biya daga asusun gwamnati, ko da yake yana iya neman wasu kuɗaɗen da ya kashe da kansa in an rubuta haka. Idan kuma kamfani ne ya rage ma'aikata, gwamnati tana ci gaba da biyan karatun har mako 12 yana neman wani maigidan, in kuma ya yi nisa sosai a shirin, ta biya har ya kammala.

Jami'a ma tana da nata ramin, kuma namu yaran suna yawan faɗawa. Yaro ya shiga, ya duƙufa kan littafi kamar yadda aka hore shi, ya fito da sakamako mai kyau, bai taɓa neman horon bazara ba don ba wanda ya gaya masa ana buɗe fom tun watan Agusta ko Satumba na shekarar da ta gabata. Ya gama da bashin fam 60,000, ya shiga layi da dubban masu irin takardarsa. Idan jami'a aka zaɓa, a zaɓi kwas mai shekarar aiki a tsakiya in akwai. Kuɗin makarantar wannan shekarar ba ya wuce kashi 20 na cikakken kuɗin, kuma ana biyansa albashi. Akwai ma hanya ta tsakiya, irin shirin Flying Start na PwC da jami'o'i kamar Newcastle, Nottingham, Reading da Manchesta: digiri ne na shekara huɗu, ta UCAS, hukumar da ake neman gurbin jami'a ta hannunta, ake nema, ɗalibi yana biyan kuɗin makaranta, amma yana fita aiki mai albashi a tsakani, ya kuma gama da mafi yawan jarrabawar ACA a aljihunsa.

Shawararmu a aikace ita ce a nemi duka biyun, domin ɗaya ba ya hana ɗaya. UCAS tana ba da gurbi biyar na jami'a, kuma neman aiki a kamfani ba ya cin ko ɗaya daga cikinsu. Oxford da Cambridge suna rufewa 15 ga Oktoba, sauran a watan Janairu. Kamfanoni kuwa ba su da rana ɗaya. Manya suna buɗewa tun kaka, daga Satumba, kuma da yawansu da zarar gurabe sun cika sai su rufe, ko da ranar da suka rubuta ba ta zo ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya jira sai bayan Kirsimeti ya tarar an kwashe. A duba shafin gwamnati mai suna Find an apprenticeship, da shafin UCAS, da shafin kowane kamfani. Sharaɗin shiga yakan zo da maki na UCAS: A maki 48 ce, B 40, C 32, saboda haka 112 yana nufin BBC, 120 kuma BBB. Ana kuma duba lissafi da Turanci na GCSE.

Ku shirya ransa, domin samun gurbi a babban kamfani ya fi samun gurbi a yawancin jami'o'i wuya. Matakan kusan iri ɗaya ne ko'ina: fom a intanet, gwajin lissafi da na yadda mutum zai yi a wani hali na aiki, intabiyu na bidiyo inda yake magana da kwamfuta ba mutum ba kuma agogo yana tafiya, sannan ranar tantancewa ta rukuni, sannan ganawa da babba. Inda yaranmu ke zubewa shi ne na bidiyo da na rukuni. Mun tarbiyyantar da su a kan sunkuyar da kai gaban manya da ƙin yabon kai, tarbiyya ce mai kyau, amma mai tantancewa yana rubuta abin da ya ji ne kawai. Yaron da ya yi shiru a tebur don kunya, sifili za a ba shi. Ku zaunar da shi a falo, yayarsa ta riƙe waya, ya amsa tambaya cikin minti biyu yana kallon kyamara, a sake, a sake. Ya tanadi labarai huɗu ko biyar na gaske: ranar da ya riƙe kuɗin wata ƙungiya a makaranta, ranar da ya koyar da ƙanana a Islamiyya, aikin Asabar a kanti. Ya nemi wurare goma ko fiye, kada ya rataya ransa a kan ɗaya.

Idan Allah ya sa duka biyun sun samu, ya riƙe gurbin jami'ar har sakamako ya fito a tsakiyar Agusta, domin tayin kamfanin ma yakan dogara da makin. Janyewa kafin rajista ba ta cin komai. Amma da zarar ya yi rajista zangon farko ya kama, kashi 25 na kuɗin shekarar yana iya hawa kansa. A yi hattara kuma da takardar hayar ɗakin ɗalibai, wadda Baba yakan sa hannu a matsayin mai tsayawa. A karanta sharaɗin sokewa tukuna. Wanda yake ɗari-ɗari yana iya roƙon jami'a ta ɗage masa gurbin zuwa baɗi, ya ɗanɗana aikin ya gani.

Saura maganar da muka ajiye: gida. Da yawanku kuna fatan yaran nan wata rana su koma Abuja ko Kano, ko su yi aiki a Dubai ko Riyad. A nan ne takardar jami'a take da nauyin da ba ta da shi a Landan. Hukumomin aiki na gwamnati a Najeriya digiri suke tambaya da takardar yi wa ƙasa hidima, kuma NYSC ba ta tura wanda ya yi karatu na wucin gadi, takardar cirewa take ba shi. Wanda ya haura shekara 30 lokacin kammalawa kuma takardar yafewa. Saboda haka a tambayi jami'ar yadda take rubuta irin wannan karatu a takardar sakamako, cikakken lokaci ko akasin haka. A ƙasashen Larabawa ma, neman izinin aiki na manyan muƙamai yakan buƙaci digirin da aka tantance aka buga wa hatimi. Wanda wannan ya dame shi, ya fi karkata ga mataki na 6 mai digiri a ciki, ko ya ƙudurta cewa bayan ACA ko ACCA zai ƙara digiri na biyu, domin jami'o'in Birtaniya da dama suna karɓar cikakken akanta ko ba shi da digirin farko.

Duk abin da muka faɗa na Ingila ne. 'Yan'uwa da ke Glasgow da Aberdeen, tsarinku daban ne: ɗan gida a Sukotland gwamnati ke biya masa kuɗin jami'a, saboda haka lissafin bashin da muka yi a sama bai hau kanku ba, sai ku sake shi da alƙalumanku.

Wassalamu alaikum.

Daga 'ya'yanku da ƙannenku masu aikin akanta, haraji, inshora da banki a Ingila.